Tafin Hannu a Kafaɗa

Ƙarfe huɗu na asuba nake buɗe rumfar kaki,
kwarin Antholz bai ma san gari zai waye ba.
In dangwala yatsa cikin dusar ƙanƙara
kamar mai ɗanɗana gishirin miya:
yau busasshiya ce, tana kuka a ƙarƙashin takalmi.
Sai dutsen guga, sai buroshi,
katakon zamiya takwas, na ƙafafun mutum huɗu.
Ni ne Silvo. Sunana ba ya hawa allo.

Tilen ne ya buɗe fage.
Ya kwanta ruf da ciki, kunci a jikin bindiga,
baƙaƙen idanu biyar na kallonsa daga mita hamsin,
kowanne bai fi ƙwan kaza ba.
Ya makantar da su ɗaya bayan ɗaya,
ya tashi, ko hancinsa bai share ba.

Blaž ya karɓa muna na biyar, ya miƙa muna na uku.
A gangara na ga yadda katakonsa ke shan ƙasa,
na ce wa kaina: tsoho, hannunka bai mutu ba tukuna.

Sai Domen.
Shekara ashirin, gemu bai gama shawara ba,
uwarsa ta kwana a mota don ta zo ta kaɗa masa ƙararrawar shanu.
Harbin kwance ya wuce lafiya.
A harbin tsaye iska ta sauya ra'ayi,
'yan tutocin ja suka karkata hagu,
zuciyarsa na dukan ƙirji kamar mai bin bashi a ƙofa,
bakin bindiga na ta zana da'ira a sarari.
Ɗaya ya shiga. Na biyu ya tafi daji.
Na uku, na huɗu, duk daji. Na biyar ya shiga.
Saura harsashi uku na ajiya, waɗanda ake ɗurawa da hannu,
ga yatsu sun zama itace.
Guda ya suɓuce, ya nutse a ƙanƙara,
yaron ya durƙusa yana lalube
gaban mutum dubu ashirin da suka yi tsit.

Zagayen tara biyu.
Mita ɗari da hamsin ba nisa ba ne,
sai ran da kake juyawa ciki kai kaɗai
kana ƙirga bayan waɗanda ke wucewa.

Can a wurin miƙa hannu Aljaž na jira,
yana buga cinya, yana hura tafi.
Hunturunsa na ƙarshe ke nan, gwiwa ta riga ta sanar da shi.
A wannan tsere ba sanda ake miƙawa ba,
ba kyalle, ba komai:
tafin hannu ne a kafaɗa,
da duk abin da ka ɓata, da duk abin da ka gyara.
Domen ya taɓa shi, ya zube, bai ɗago ba.

Aljaž bai waiga ba.
Harbi goma, goma suka shiga.
Ya kamo mutum huɗu a hawan ƙarshe,
majina ta daskare masa a gashin baki.
Na tara muka zo. Ba a yi wa na tara kiɗa.

Da yamma yaron ya shigo rumfata,
ya tsaya jikin ƙofa kamar wanda ya fasa tulun aro.
Ban ce komai ba, na miƙa masa makankari.
Muna cikin kankare kakin safe sai ga Aljaž,
ya ajiye wani abu ƙarami a kan benci,
kwankon harsashi, ya yi baƙi don tsufa.
Ya ce, nawa zagaye uku ne, shekara goma sha huɗu ke nan,
ajiye shi, aljihuna ya gaji.

Waje dusa ta fara sauka, mai laushi, mai ruwa.
Gobe wani kakin za a shafa.